Ɗangana da Injin da Ba a Cire wa Leda Ba

Idan ka taɓa kai takardar haihuwa ko ta fili a yi maka fotokwafi a Yelwa, ko Wara, ko Shanga, to da wuya a ce takardar nan ba ta bi ta cikin injin da Ɗangana ya taɓa kwancewa ba. Kai dai ka karɓi kwafinka da ɗuminsa ka yi gaba, ba ka san da zaman wani Ɗangana a duniya ba. Shi ma bai damu ka sani ba. Ba shi da shago, ba shi da allon talla. Abin da ya mallaka na sana'a shi ne wata jakar fata da ta ga jiya ta ga yau, da mashin ɗinsa mai yawan tari, da kiret ɗin ƙwai na roba guda ɗaya da yake ɗaurewa a baya. Shekara ashirin da bakwai yana yawo da kiret, kuma har yau akwai matan da ke tsayar da shi a hanya suna tambayar ko akwai ƙwai.

Sukurori yake zubawa a ciki. Kiret rami talatin gare shi. In Ɗangana zai buɗe inji, sai ya ajiye kiret a damarsa, sukurun farko ya shiga ramin farko, na biyu ya shiga na biyu, haka har ya isa inda ciwon yake. In ya gama sai ya biyo layin ta baya, daga na ƙarshe zuwa na farko. Shi ya sa ba a taɓa share ofis bayan tafiyarsa an tsinci sukurun da ya yi saura ba. Wasu masu gyaran kuwa, in sun rufe inji sai su jefa ragowar a aljihu, su ce maka ai kamfanin ne ya sa su da yawa.

Wurin mahaifinsa ya gaji wannan tsari. Tsohon masunci ne a wani ƙauye na bakin tafki kusa da Wara, mamari yake kafawa, doguwar igiyar nan mai ɗaruruwan ƙugiyoyi. In ya janyo ta sai ya zauna ya jera ƙugiyoyin ɗaya bayan ɗaya a jikin katako, domin in ɗaya ta tsallake layi, gobe duk igiyar ta sarƙe. Iyakar abin da Ɗangana ya iya ɗauka ke nan daga sana'ar gidansu, don ruwa bai karɓe shi ba. Ɗan masunta guda, amma da kwalekwale ya bar gaɓa sai jiri da amai. Ya sha dariya a bakin ruwan nan har ta ishe shi. Da uban ya gaji da jin kunya, sai ya haɗa shi da wani Bayarabe mai gyaran tafireta a Kontagora. Yana ƙwarewa tafireta ta mutu. Ya koma injin juyi na sitensil, shi ma ya bi ta. Sannan fotokwafi ya shigo, ya kama shi hannu bibbiyu, ya dawo Yelwa ya auri Zulai'atu ya zauna.

Bai cika kula da sunan kamfanin da ke goshin inji ba. Shi da ramukan kiret yake auna su. Akwai injin rami huɗu, wanda kana buɗe ƙofar gaba duram, gangar da ke ɗora rubutu a kan takarda, zai zaro kamar aljihun tebur, hita kuwa, wato ɓangaren da ke gasa tawada a jikin takarda, sukuru biyu ke riƙe da ita, robar da ke jan takarda ma da yatsa kake cire ta. In ya sami irin wannan har shafa shi yake yi.

"Wanda yaƙ ƙera wanga mutumin kirki na," in ji shi. "Ya san wata rana wani bawan Allah za shi durƙusa gabanai da zuhwa."

Akwai na rami goma sha biyu, wanda ba mugu ba ne, rowa ce kawai ta yi masa yawa, sai ka yi haƙuri da shi. Akwai kuma na rami ashirin, wanda don ka canza robar da ba ta kai ɗan yatsa ba sai ka cire baya, ka cire gefe, ka ɗaga fanel, ka tsallake wayoyin da in ka ja ɗaya da ƙarfi ka sayi rigima. In an kira shi kan irin wannan, tun daga zaure yake gaya wa Zulai'atu kada ta jira shi da abincin rana.

Masu shagon fotokwafi in za su sayi inji na hannu sukan nemi shawararsa, kuma maganarsa ɗaya ce kullum: kada su dubi kyau, su dubi yawan sukuru. A nan bakin ruwa babu injin da ba zai kwanta ba. Damina na sauka takarda ta sha danshi ta riƙa maƙalewa, wuta ta zo da ƙarfi ta tafi babu sallama, janareta ya ƙarasa abin da ya rage, ga kyankyasai da tsaka da suka mai da cikin inji gidan haya. Saboda haka abin tambaya shi ne, in ya kwanta zai bari a taɓa shi?

Sai kuma al'adarsa ta biyu, wadda ita ce ta yi masa suna. Duk injin da ya buɗe, kafin ya rufe, sai ya zaro baƙar maka, alƙalamin nan mai kaurin baki, daga aljihun gaba ya rubuta a cikin ƙofa: Hannun Ɗangana, da kwanan wata. Da farko don mai gyaran da zai zo bayansa yake yi, ya san wanda zai tambaya. Sannu a hankali rubutun ya zama shaida. Mai sayen inji na hannu kafin ya yi tayi sai ya buɗe ƙofa, in ya ga layin sunan nan ya sauko har ƙasa, hankalinsa ya kwanta. Dalili kuwa, kowa ya sani inji bai taɓa mutuwa a hannun Ɗangana ba. In ya duba ya ga babu rai, tun bai ɗauki sukudireba ba zai ce a kira 'yan gwangwan su auna. Gidan haya yake zaune, gonar gado ruwa ya cinye ta tun kafin a haife shi, mashin ɗin ma kun ji halinsa. Sunan nan na cikin ƙofar inji shi ne duk abin da ya tara.

A Wara akwai wata sakandare ta al'umma da ya yi wa aiki shekara goma sha huɗu. Injinsu na rami huɗu ne, fari ne a da, ya koma kalar haƙorin mai cin goro. Malamai suna ce masa Tsohuwa. Shugaban makarantar, Malam Shamsuddeen, ɗan ƙauyensu Ɗangana ne, kuma yana da wata ɗabi'a da duk Wara ta sani: in yana da buƙata sai ya ce Injiniya, in ba shi da ita sai ya ce Ɗangana.

Wata rana a farkon damina Ɗangana ya je duba Tsohuwa kamar yadda ya saba, sai ya tarar an tura ta sito, wajen karyayyun bencina. A gurbinta ga wani sabon inji ya kai ƙirjin mutum, da gilashin latsawa irin na waya, yana ta ƙyalli. Wani Alhaji ne ɗan garin da ya yi arziki a Abuja ya aiko da shi kyauta, ya ce in ya zo gida wajen Babbar Sallah za a yi bikin ƙaddamarwa, a ɗauki hoto.

Mu dai mun san halinmu da leda. Mutum ya sayi mota, shekara biyu yana zamewa a kan ledar kujera, gumi na bin bayansa, amma ba zai cire ba, kada a ce ta tsufa. Katifa haka, talabijin haka. To injin nan ma yana nan cikin ledarsa mai kauri tun daga kai har ƙafa. An sa reza an yanke inda takarda ke shiga da inda take fita da wajen gilashi, sauran kuwa an bi shi da salatif an liƙe tsaf. Ɗangana ya zagaya shi sau biyu, ya durƙusa ta baya, ya ga ramukan iskar fanka duk a shafe.

"Malam, wagga leda hwa?"

"Mi tay yi?" in ji Malam Shamsuddeen, bai ma ɗago daga rajistar da yake dubawa ba.

"Ta toshe mai hanci. Ga hwanka nan baya, ga wata ga gehe. Injin ga wuta shika ci, zahi shika hiddawa. In kunka bar shi haka kunka ba shi aiki, dahuwa za shi yi."

Malam Shamsuddeen ya yi murmushi irin na wanda ya yi karatu yana sauraron wanda bai yi ba.

"Ɗangana, wanga ba irin gwangwanayen da kas saba da su ba na. Kuma Alhaji bai gan shi da idonai ba tukuna. So kaka yi shi taho shi ishe mun ɗebe leda, mun tsuhe mai da kaya tun ba a yi biki ba?"

"To ku huda ta wajen iska ko da kaɗan na."

"Mun ji."

Ba su ji ba. Ɗangana ya leƙa sito ya ɗora Tsohuwa a kan bulo biyu don ruwan da ke kwanciya a wurin, ya rufe ta da buhu, ya hau mashin ya koma Yelwa da haushi a cikinsa.

Sati shida bayan nan jarrabawar ƙarshen shekara ta zo. Aka ta da janareta, aka sa sabon inji a gaba kwana uku yana aman takarda daga safe har la'asar, a cikin ofishin da ko taga ba a buɗewa don kada iska ta watsa takardu. A rana ta uku wani wari ya tashi kamar an jefa silifas a murhu, gilashin ya nuna wata lamba da jan rubutu, inji ya yi shiru. Rabin tambayoyin ba a buga ba, Alhaji kuma Asabar mai zuwa zai iso. Aka buga wa kamfanin da ya sayar da shi waya a Kaduna, suka ce ma'aikacinsu zai zo nan da sati uku in Allah ya so.

Ranar Laraba da hantsi wayar Ɗangana ta yi ƙara, Malam Shamsuddeen ne.

"Injiniya! Injiniya, kana ina?"

Zulai'atu tana tankaɗe a tsakar gida, ta ji komai, don wayar irin mai tsawa ce. Ta bari sai da ya fara ɗaure kiret sannan ta yi magana.

"Maigida, yau ka koma Injiniya ke nan? Randa kag gaya musu gaskiya ai Ɗangana kake. Ka tada musu Tsohuwa ka dawo gida. Sabon ga, mai shi na da baki, shi kira waɗanda sunka saida mai."

"Haka zan yi," in ji shi. Kuma a lokacin har zuciyarsa haka yake nufi.

Tsohuwa ba ta ba shi wahala ba. Sukuru huɗu, ya zaro duram ya goge, ya kori kyankyasan da suka tare a ciki, ya busar da hita, ya sa aka shanya takardu a rana na ɗan lokaci don danshi ya fita. Kafin azahar ta kama gurnaninta na kullum tana fitar da tambayoyin lissafi. Malamai har da tafi. Ya rubuta sunansa a ƙasan layin shekara goma sha huɗu, ya fara haɗa jaka.

Sai Malam Shamsuddeen ya jawo shi ofis ya rufe ƙofa. Ya ba shi kujerar baƙi, wadda a shekara goma sha huɗu bai taɓa ce masa zauna a kai ba. Ya aika aka kawo fura mai sanyi. Ya ce tun daga Shanga har nan an shaida inji bai taɓa gagarar Injiniya ba. Ya tuna masa cewa ubansa da uban Ɗangana kwalekwale guda suka shiga shekara da shekaru. Ya ce in Alhaji ya zo Asabar ya tarar da kyautarsa a mace, shi kam bai san inda zai sa fuskarsa ba, kujerarsa ma Allah kaɗai ya san makomarta. Har idonsa ya kawo ruwa.

Za a iya cewa kunya ce ta kama Ɗangana, kuma akwai ta. Amma in za a faɗi gaskiya duka, yatsunsa ne suke ƙaiƙayi tun ranar da ya fara ganin injin. Bai taɓa ganin cikin irinsa ba. Dokarsa ita ce ya duba ya faɗi ko akwai rai kafin ya taɓa, to wannan babu inda za ka leƙa, ƙofar gaba kwalbar tawada kawai take nuna maka, sauran duk a rufe ruf. Ya ce zai dawo gobe da safe. A gida bai gaya wa Zulai'atu ba, ita ma da ta ga yana wasa bakin sukudireba da magagari ba ta tambaya ba.

Sai da ya gyara bakin sukudireban domin sukurorin injin ba irin na mutane ba ne, kansu tauraro ne da ɗan tsinke a tsakiya, an yi su ne musamman don kada kayan aikin kowa su shiga. Ya yaye ledar baya, ya fara. Rami biyar, rami tara, rami goma sha huɗu, bai ga komai ba sai wani murfin a ƙarƙashin murfi. Inda babu sukuru kuma haƙoran roba ne masu kama juna, waɗanda in ba ka san inda za ka danna ba sai su karye. Ya bi su a hankali da bakin cokali, ko ɗaya bai karya ba. A rami na ashirin da biyu ya tsaya. Wata 'yar sitika ce mai ƙyalli an manna a kan sukurun, da tambarin kamfani. Ya kira Malam Shamsuddeen ya nuna masa.

"Malam, ka ga wagga? In niy yage ta, garanti ya tahi. Kamfani ba su ƙara karɓa tai kyauta. Nan ya kamata in tsaya."

"Yage, Injiniya. Ni nic ce. Ni ka ɗaukar nauyi."

Su biyu ne kaɗai a ofishin. Ya yage.

Kiret ya cika, rami talatin, abin da bai taɓa faruwa ba. Malam Shamsuddeen da kansa ya fita da babbar rigarsa ya aro wani wurin mai shayin bakin makaranta. A sukuru na arba'in da bakwai, bayan an yi la'asar, Ɗangana ya isa hita. Ta narke, robar da ke kewaye da ita ta zama ƙullutu baƙi, fankar gefe ta ƙone a tsaye. Wannan bai ba shi mamaki ba, shi ya faɗa tun farko. Abin da bai zata ba shi ne hitar ba ta da sukuru ko ɗaya. An narka ta ne an haɗe da gidanta, dunƙule guda, babu inda za ka buɗe ka canza abin da ya ƙone. Ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa, ya daɗe yana kallonta. Wanda ya ƙera wannan bai manta da mai gyara ba. Ya tuna da shi sarai, shi ya sa ya toshe masa kowace hanya.

Ya mayar da komai, daga rami na arba'in da bakwai har na ɗaya, bai bar ko guda ba. Aka kunna, gilashin ya kawo wata sabuwar lamba, yana neman kalmar sirri wadda ma'aikacin kamfani kaɗai ke da ita. Ɗangana ya gaya wa Malam Shamsuddeen abin da ya gani dalla-dalla. Sannan ya buɗe ƙofar gaba, ya zaro maka, ya rubuta: Hannun Ɗangana, da kwanan wata.

Da ya ba Zulai'atu labari, wannan na ƙarshen ne ya sa ta saki muciya.

"Ka rubuta sunanka? Injin da bai tashi ba?"

"Ni nib buɗe shi. Sai in ɓoye awa ɓarawo?"

Ta ɗauki muciyar, ta ci gaba da tuƙinta da ƙarfin da tuwon bai buƙata ba.

Da labari ya kai kunnen Alhaji, waya ɗaya ya buga, sati ukun kamfani ya koma kwana biyu. Ranar Asabar ma'aikacinsu ya iso Wara kusan tare da motocin Alhajin. Malam Shamsuddeen ya aika Ɗangana ya zo ya yi bayani. Ya sa shaddarsa ta Juma'a ya tafi, yana ganin ai zama ne na masu sana'a biyu, ya faɗi abin da ya gani, ɗayan ya ƙara masa ilimi.

Yana shiga ofishin ya ga abin da ya sauya. Babu leda. Injin yana tsaye tsirara, an goge shi yana walƙiya, tagogi duk a buɗe. Alhaji yana zaune a kujerar baƙi, malamai da dattawan gari sun cika wurin har baranda. Ma'aikacin kamfanin, wani matashi mai suna Lukman, ya jona kwamfutarsa ya danna nan ya danna can, ya zagaya baya ya ga sitikar a yage. Ya dawo ya buɗe ƙofar gaba, ya karanta da ƙarfi.

"Hannun Ɗangana. Waye Ɗangana?"

"Ni na."

"Baba, kai ka yage hatimin nan?"

"Ni niy yage. Amma kahin in taɓa shi ya riga ya ƙone. Cikin leda anka bar shi, an liƙe mai wajen iska, kwana ukku shina aiki. Na hwaɗa tun ran hwarko. Ga Malam nan, a tambaye shi."

Duk ido ya koma kan Malam Shamsuddeen. Ya gyara hularsa, ya dubi Alhaji, ya dubi ƙasa.

"Wace leda kuma, Ɗangana? Inji dai ya ɗan tsaya muna, niƙ ƙira ka don ka diba. Ban ce ka hwarke kayan mutane ba."

Ɗangana ya waiga yana neman mai shaida. Malaman da suka yi masa tafi ranar Laraba, waɗanda suka sha zamewar hannu a kan ledar nan sati shida, kowa ya sami abin kallo a jikin bango. Alhaji bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Cewa kawai ya yi, cikin sanyin murya, shi ya sa ƙasarmu ba ta ci gaba, ka kawo abu na zamani a miƙa wa ɗan gyaran bakin titi ya kashe.

Lukman yana durƙushe a bayan injin. Ɗangana na kallonsa ya shafa gefen ramukan iska, yatsansa ya kama danƙon salatif, ya murza shi, ya ɗago suka haɗa ido. Sannan ya miƙe ya cike takardarsa: an buɗe inji ba da izini ba, garanti ya faɗi.

A waje, wajen da Ɗangana ya jingine mashin, Lukman ya iso shi yana waige-waige.

"Baba, na ga aikinka. Wallahi ko mu da aka koya mana sai mun karya haƙoran nan biyu ko uku. Hitar kuma ni ma ba gyara ta nake ba, cirewa muke mu jefar mu sa sabuwa, haka aka yi ta."

"To ka ga danƙon. Mi ya hana ka hwaɗi?"

"In na rubuta leda, gardama za a yi ta yi, wa ya gani, wa ya shaida. Hatimi kuwa ga shi a yage, ga sunanka da hannunka. Ka yi haƙuri, Baba. Da ba ka rubuta ba ma."

A cikin ofis kuwa Tsohuwa aka jawo aka buga takardar jawabin godiya ga Alhaji, ana jin gurnaninta har bakin ƙofar makaranta.

Labari ya riga shi isa Yelwa, don motocin Wara sun fi mashin ɗinsa sauri. A tasha an ce ya kashe injin miliyoyi. A bakin kasuwa an ce kayan ciki ya kwashe ya sa tsofaffi. Kafin sati ya zagayo har an sami wanda ya rantse cewa dama can haka yake yi. Babu wanda ya zo ya tambaye shi. Wayar da ke damun Zulai'atu da tsawa ta yi shiru, sai ya riƙa ciro ta yana dubawa ko caji ne ya ƙare. Masu shago suka koma kiran wani daga Kontagora, irin masu zuba ragowar sukuru a aljihu. Ɗangana ya rame. Ba rashin aikin ne ya fi cinsa ba, a'a, in ya bi ta gaban shagon da ya yi wa hidima shekara goma sai ya ga mai shagon ya duƙufa neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Ana nan, bayan wata biyu, sai Gambo ya kira. Gambo shi ne mai shagon fotokwafi na kusa da kotu, abokin hulɗarsa mafi daɗewa, injinsa na rami huɗu ne kuma Ɗangana ne ya zaɓar masa shi da hannunsa. Ya ce takarda ce ke maƙalewa, na Kontagoran ya zo sau biyu abin ya ƙi. Ɗangana ya ɗaure kiret nan take. Zulai'atu ta raka shi zaure, ta ce Allah ya sa a dace, ta daɗe rabon da ta ga ya taka da sauri haka.

Gambo ya tarbe shi da fara'a, ya sa aka kawo ruwa. Ɗangana ya ajiye kiret a damarsa, ya durƙusa, ya buɗe ƙofar gaba. Warin kananzir ne ya fara dukan hancinsa. Inda layin sunansa yake, shekara goma sha ɗaya, sau ashirin da wani abu, an bi shi da tsumma an dirje. Sai wani dishi-dishin baƙi da ya ƙi fita a jikin robar.

Ya ɗago ya dubi Gambo. Gambo ya sosa ƙeya.

"Saida shi nika son yi, Injiniya. Mai sayen kuma mutumin Wara na. Ka san mutane. Ni kam na san ba ka da laihi, wallahi na sani."

Ɗangana ya ɗauki sukudireba. Ya kwance sukuru huɗu, ya jera su a ramukansu. Robar jan takarda ce aka sa ta a juye. Ya gyara mata zama, ya goge duram, ya mayar da sukurori daga na huɗu zuwa na ɗaya. Aka gwada takarda ashirin, duk suka fita sumul da ɗuminsu. Hannunsa ya tafi aljihun gaba da kansa, ya zaro maka, ya cire murfin.

"Don Allah, Injiniya," in ji Gambo, murya ƙasa-ƙasa. "Wanga karon kak ka rubuta."

Ɗangana ya tsaya da makar a hannu, yana kallon wurin da aka dirje. Sannan ya mayar da murfin, ya rufe ƙofar injin a hankali yadda ya saba don kada maƙullin ya karye, ya ajiye makar a kan gilashin. Ya ɗauki jakarsa da kiret ya fita.

Yana ta da mashin Gambo ya biyo shi bakin shago da gudu.

"Injiniya, ka mance makarka!"

Ɗangana ya ji shi sarai. Bai waiwaya ba.